Kwalbar Man Zafin Inna

'Yar Mai Wurno, daga Makka:

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe kayan durowa na ci karo da kwalbar man zafi, Abu Fas, da na saya wa Inna tun kafin yaƙi. Ta rasu a Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya suka ɗauke a Sudan, sai bayan kwana tara labari ya iso ni. Barci ya ƙi zuwa, na rubuta wannan. Amsa-amon "ba" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Na ga kwalba can ƙasan durowa,
Ko marfinta ba a murɗa ba.

Inna ta ce, "In kin sami mai zuwa,
Aiko, gwiwar ba ta bar ni ba."

Na ce mata sai dai bayan Salla,
Ban san abin da ke tafe ba.

Yaƙi ya tashi cikin azumi,
Salla ta zo, hanya ba ta buɗe ba.

Kwana tara Inna tana kushewa,
Ina ta girkina, ban sani ba.

Har dariya na yi a kwanakin,
Ita ce ban yafe wa kaina ba.

Kullum ana sallar gawa a Harami,
Na bi ta baƙi, ban bi ta Inna ba.

Yaya Babba, daga Gadarif:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ban taɓa ba ki labarin ranar dalla-dalla ba, don bakina ba ya iyawa. Bari in gwada a waƙa.

Ƙanwata, share ido ki saurara,
Ba a kai ta kamar marar kowa ba.

A gadonta angareb muka ɗauke ta,
Na igiya, wanda ba ta bar a sake ba.

Kafaɗu sun yi yawa a hanya,
Ni ɗanta ban riƙe da nisa ba.

Mata masu kisira sun rufe murhu,
Ran nan ba su je kasuwa ba.

Zancen mai kuwa, kwantar da ranki,
Ko sau ɗaya ba ta tayar ba.

Turmin gahawarta ta ce a ba ki,
Ta ce wata ba za ta iya da shi ba.

To ga nawa laifin, ki ji shi yau:
Turmin nan ban fito da shi ba.

Da Sinja ta faɗi muka bar gida,
Ruwan damina bai tsagaita ba.

Na ɗau yara, na ɗau takardu,
Amanarki ban waiwaya ba.

'Yar Mai Wurno:

Yaya, wallahi ban san da wasiyyar nan ba. Ka fito da yara bakwai a cikin taɓo, wa zai tambaye ka turmi? Allah ya saka maka.

Baffa na Jidda:

Ina jin ku, 'ya'yana. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ku tuna garin naku ma, Mai Wurno, maraya ne ya kafa shi. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya bar shi can, ya ja sauran jama'a gabas har bakin Nilu kusa da Sinnar. Ni tsoho ne, numfashina gajere, ku yi haƙuri da baitocina.

'Yata, matso ki ji ta tsoho,
Ba ku kuka fara wannan ba.

Kakana ya binne uwarsa a Wadai,
Bai sake ganin tudun nan ba.

Ya tsinci auduga a Jazira,
Kuɗin jirgin Sawakin bai cika ba.

Ubana ne ya haye zuwa Jidda,
Shi kuma bai koma Jazira ba.

Ni ko gidan da na aurar da 'ya'ya,
A Sabil, rusau bai bar shi ba.

Na kai jika in nuna masa ƙofa,
Fili fetal, ban gane wurin ba.

Na nuna wani gu na ce masa nan ne,
Yaron bai san laluben nake ba.

A 2022 ke nan, lokacin rusau a unguwannin Jidda. Har yau in ya wuce wurin da abokansa sai ya nuna musu, ni kuma ban gyara masa ba.

Taubashiya, daga Bur Sudan:

Kai jama'a! Wannan "ba" taku ta ishe ni, kowane baiti babu, babu. Tun asuba nake layin burodi, na dawo kuma ku sa ni kuka? Ni da 'yar kawuna zan yi, kuma na sauya amo.

Taubashiya, kin ce kin rasa Inna,
Je ki madubi ki gaishe ta.

Wa ke ƙulle riyal a bakin gyale?
Wa kika gado in ba ita?

In za ki kira Auta sai kin bi
Sunan kowa kafin nata.

Zare da allura in sun yi faɗa,
Sai tabarau ke sasanta.

Ran nan a waya kin ce "yaran yau",
Har da tsakin, sak muryarta.

Furfurar nan da kike wa lalle,
Lallen ya gaji da ɓoye ta.

Baffa na Jidda:

Ke 'yar nan, an ce a riƙe amsa-amo kin zo kin karya. Amma na ƙulle kuɗi a gyale gaskiya ne, na gani da idona ranar Arfa.

Taubashiya:

Tuba nake, Baffa. Ai wasan taubasai ba shi da liman.

'Yar Mai Wurno:

Allah ya shirye ki, kin sa na yi dariya yara suna kallona. Zan bi naki amon, ko Baffa zai ci mu tara.

Ja'ira, kin ci, na sallama,
Na je madubin na same ta.

Ɗazu da zan tashi daga sallaya,
Na dafa bango irin nata.

Gwiwar hagu ta ce mini ƙas,
Na zauna ina ta kallon ta.

Sai na miƙa hannu ga kwalbar,
Na murɗe marfi na buɗe ta.

Ƙamshin ya cika ɗaki har falo,
Ɗakin Inna da damina tata.

Auta ta leƙo tana toshe hanci,
Na ce zo nan ki shafa mini ita.

Ta shafa tana ƙunƙuni, kamar yadda nake yi in Inna ta kira ni daga wasa.

Yaya Babba:

Tunda an buɗe kwalba, bari in ƙara. Maƙwabcinmu da ya koma gida ya yi mini waya makon jiya. Ƙofofi babu, an kwashe gadaje, har wayar lantarki an zare daga bango. Amma ya ce turmin na nan a rakuba, wato rumfa, ya kife, kaza ta yi ƙwai a gefensa.

'Yar Mai Wurno:

Allahu Akbar. Ka ce masa ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Taɓaryar fa, ta ƙarfen nan?

Yaya Babba:

Na tambaya. Ba a gan ta ba.