Twilight Struggle: waɗanda suka taɓa bugawa, ya cancanci kuɗinsa?

Baban Walida

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama suka buga Twilight Struggle da hannunsu. Wasan allo ne na Yaƙin Cacar Baka, mutum biyu, ɗaya Amurka ɗaya Tarayyar Sobiyat, daga 1945 zuwa 1989. Ƙanina zai dawo daga Ingila ƙarshen shekara, ya ce in ina so zai riƙo min. Sai dai kuɗin ba kaɗan ba ne in aka mayar da shi naira, kuma kwalin zai cinye masa wuri a jaka. Ni mai son tarihi ne, ina buga dara da ches, amma ban taɓa taɓa irin wannan ba. In sa shi ya saya ko in haƙura?

Ticha

Wa alaikumus salam Baban Walida. Ina da shi, kuma a duk wasannin da ke gidana babu wanda nake ji da shi kamarsa. Kamfanin GMT Games ne ya fitar da shi a 2005, Ananda Gupta da Jason Matthews suka tsara shi, kuma ya yi shekaru yana na ɗaya a jerin BoardGameGeek, shafin intanet na masu wasannin allo. Amma bari in gaya maka yadda yake, don kada ka sayi abin da ba shi kake tsammani ba.

Babu sojoji a ciki, babu tankokin yaƙi da za ka tura fagen daga. Taswirar duniya ce, kowace ƙasa da gurbinta, kuna ta zuba ƴan guntayen kwali masu lamba da ke nuna tasirin kowa a ƙasar. Kati ne ke tafiyar da komai, guda 110 a bugun da nake da shi, kuma kusan kowanne wani abu ne da ya faru a tarihi: rikicin mashigin Suwez, hawan Nasser, Fidel a Kuba, shirin Marshall, garkuwa da Amurkawa a Iran, Chanobil. Kowane kati yana da lamba. Ko ka yi amfani da lambar ka zuba tasiri ko ka yi juyin mulki, ko kuma ka bar abin da ke rubuce a jiki ya faru.

Ga inda daɗin yake. Daga tari ɗaya ake raba muku katin, don haka hannunka zai cika da na abokin gaba. In kana Amurka ka jefa katin Sobiyat don ka ci amfanin lambarsa, abin da ke rubuce a jiki sai ya faru, kuma shi zai amfana. Sai ka ga kana riƙe da kati takwas, biyar duk masifa ce gare ka, kana lissafin wanne za ka fara saki, wanne za ka jefa a tseren sararin samaniya, wani gurbi ne a kan allon, don ya tafi ba tare da ya yi aiki ba, wanne za ka riƙe zuwa zagaye na gaba. Ban san wani wasa da ke sa mutum ya ji nauyin zaɓi tsakanin sharri biyu kamar wannan ba. Ni dai na ce ka saya, in kana da abokin bugawa.

Bakatsine

Wannan sharaɗin da Ticha ya sa a ƙarshe, shi ne maganar gaba ɗaya. Nawa yana kan wadrob, ƙurar hunturu ta rufe kwalin. Ba don wasan ba shi da kyau ba. Na kai shi majalisarmu, da aka ga kati sai wani ya ce ai karta ce ta Turawa, wasu suka zagaye suna kallon taswira, amma da na fara bayanin dokoki kafin in kai rabi an watse an koma ludo. Ban ga laifinsu ba. Ludo mutum huɗu ne, ana ihu ana dariya, wannan kuwa mutum biyu ne kacal, shiru kamar ana jarrabawa, awa uku ko fiye.

Sannan duk katin da Turanci yake, kuma ba za ka iya taimaka wa abokin wasanka ya karanta ba, tunda ɓoye hannunsa yake yi. Dole ya zama mai karanta Turanci da kansa, mai haƙuri, mai son tarihi, kuma wanda zai dawo gobe bayan ka lallasa shi yau. Yallaɓai, kafin ka ce wa ƙaninka komai, ka fara kiran sunan wannan mutumin a zuciyarka. In ka rasa suna, bar kuɗinka.

Maman Hanif

Ni da maigida muke bugawa, bayan yara sun kwanta. Abin da zan ƙara na zaman gida ne. Allon babba ne, ƙaramin teburin falo ba ya ɗaukarsa tare da katin, mu a kan kafet muke shimfiɗawa. Guntayen kwalin ƙanana ne ƙwarai, kuma in fanka na kaɗawa da ƙarfi ko yaro ya rarrafo ya ja allon, an gama, don ba mai iya tuna lamba nawa ce a kan Iran ko Tailan. Mun koyi ɗaukar hoton allon da waya duk ƙarshen zagaye. Zagaye goma ne, sau da yawa sai mu raba shi dare biyu.

Abin da ya taimake mu shi ne tare muka koya. Wanda ya san katin yana da rinjaye mai yawa a kan sabon shiga, saboda ya san abin da ke tafe. Ya san cewa zuba tasirin Amurka a Masar tun farko asara ce matuƙar katin Nasser bai fita ba, don zai kwashe rabinsa. Sabo ba shi da hanyar sanin haka sai an yi masa. Da a ce ɗayanmu ya riga ya ƙware, na tabbata da ɗayan ya gaji tun da wuri. Kuma wanda ya ɗauki Amurka ya shirya shan wuya a zagayen farko-farko, Sobiyat ce ke da ƙarfi a lokacin, sai can gaba katin ke juyowa.

Na Maraɗi

Baban Walida ya ce shi mai son tarihi ne, to a nan nake da magana, kuma da gaske take damuna. Ranar da na fara buɗe allon, Nijar na fara nema. Babu ita. An haɗa mu da maƙwabta a gurbi ɗaya mai sunan ƙasashen Sahara. Babu Diori Hamani, babu Kunce da juyin mulkin 1974, babu yuraniyom ɗin Arlit, alhali wasa ne da duk tsoronsa nukiliya.

Nijeriya tana nan, har tana cikin ƙasashe biyar da ake kokawa a kansu a Afirka, tare da Aljeriya, Zayar (Kwango ta yanzu), Angola da Afirka ta Kudu. Amma dubi yadda aka yi ta. Kowace ƙasa tana da lambar kwanciyar hankali, Jamus ta Yamma 4, Nijeriya 1. In za ka yi juyin mulki, sai ka jefa dayis, ka haɗa da lambar katinka, ka ɗebe ninkin lambar ƙasar. Ka sa kati mai 3, dayis ya ba ka 4, bakwai ke nan, ka ɗebe 2, saura 5. Ka kwashe tasirin abokin gaba guda biyu, ka zuba naka uku. Shi ke nan, ƙasa ta sauya hannu da jifa ɗaya. Kuma da zarar ma'aunin da ke nuna kusantar yaƙin nukiliya ya sauka, doka ta hana juyin mulki a Turai, sannan Asiya, sannan Gabas ta Tsakiya, sai a dawo kan Afirka da Latin Amurka. Na taɓa buga wasan da aka juye Nijeriya da Zayar zagaye bayan zagaye, raina ya ɓaci, ko da yake ni ne nake cin riba. Ina bugawa har yanzu, wasa ne mai kyau. Amma kada wani ya ɗauka zai koyi tarihinmu a ciki.

Ticha

Gaskiyarka ne ɗan'uwa, kuma su kansu masu wasan sun rubuta a bayaninsu cewa da gangan suka gina shi a kan yadda manyan ƙasashen biyu ke kallon duniya, har da abin da suka san ba daidai ba ne. Ni abin da nake yi da ɗalibaina manya shi ne in nuna musu inda allon ya kasa. A yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, Birtaniya da Sobiyat duk gwamnatin tarayya suka mara wa baya, jiragen MiG daga Mosko suka zo. Allon ba shi da hanyar nuna wannan. Haka a 1975 Murtala ya amince da gwamnatin MPLA a Angola, ƙungiyar da Sobiyat ke mara wa baya, ya je Adis Ababa a Janairun 1976 ya yi jawabin da ya ƙi bin ra'ayin Amurka. A wasan, ƙasar Afirka ba ta da bakin da za ta ce a'a. Amma ɓacin ran da ka ji, Na Maraɗi, ni a wurina yana cikin abin da wasan ke koyarwa, don ya zaunar da kai a kujerar waɗanda suka riƙa yi mana haka.

Ɗan Zazzau

Abu biyu a taƙaice. Na farko, akwai dayis a ciki. Na san wasu ƴan'uwa ba sa taɓa wasan da ke da shi ko da babu caca, saboda abin da suka ji daga malamansu. In kai ko abokin wasanka kuna cikinsu, ku warware wannan tun kafin kuɗi ya fita.

Na biyu, akwai shi a waya da kwamfuta, kamfanin Playdek ya yi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwali ba. Ita manhajar ba ta barin ka karya doka, ita ke yin lissafi, kuma za ka samu abokan wasa ta intanet. A nan na koyi tarkon DEFCON, wato ma'aunin nukiliyar da Na Maraɗi ya ambata. Ma'aunin yana farawa daga 5, in ya kai 1 an yi yaƙin nukiliya, kuma wanda abin ya faru a lokacin da yake jefa katinsa shi ya faɗi, ko da ba shi ya sauke ma'aunin da hannunsa ba. Da haka na ci wani abokina da ya yi min nisa a maki. Yana Sobiyat, ma'auni na kan 2, ya jefa katin kafa CIA. Katin ya ba ni damar motsi ɗaya, na yi juyin mulki a Angola inda yake da tasiri, juyin mulkin ya sauke ma'auni zuwa 1, wasa ya ƙare a kansa. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba, daga baya ya ce a sake. In ka ji irin wannan ya burge ka, wasanka ne.

Bakatsine

In kuma sojoji da fagen daga kake so, ka duba Memoir '44 na kamfanin Days of Wonder, wanda ya fito a 2004. Yaƙin Duniya na Biyu ne, da ƴan sojojin roba da tankoki, ana gamawa cikin awa ɗaya ko ƙasa, kuma yaro ɗan sakandare zai iya. Shi kam ana bugawa a gidana.

Baban Walida

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi abin da Bakatsine ya ce, kuma sunan mutum ɗaya ya zo min, wani abokin aikina da muke buga ches tun muna makaranta. Na kira shi, ya ce yana so, amma mu fara gwada na waya kamar yadda Ɗan Zazzau ya ba da shawara. Mun sauke shi jiya. Akwai sauran lokaci kafin ƙanina ya taso, in har zuwa sannan muna neman juna don mu buga, zan ce ya riƙo. Maman Hanif, don Allah wace irin roba kuke zuba guntayen kwalin a ciki, kuma kuna sa wa katin rigar leda ne ko haka kuke barinsu?