Musayar Baitoci Kan Canadiens ta Montreal

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga nawa baitocin ga ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin da nake zaune, Montreal a Kanada. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon.

Bismillahi na ɗauki alƙalami,
Zan waƙe gwanayen ƙanƙara.
Canadiens ta birnin Montreal,
An kafa ta a 1909.
Ta ba babbar gasar hoki ta NHL shekara takwas,
Kafin a yi gasar ita ta fara.
Kofin Stanley na zakaru, na fari a 1916,
Yau guda 24 ta tara.
Ja da fari da shuɗi ce rigarta,
Ba wadda ta kamo ta a nasara.

Hajiya ta Toronto:

Malam, na ji yabonka na kuma yarda,
Amma ka bar zance da saura.
Wa ya doke ku a wasan ƙarshe na 1967?
Mu ne, Maple Leafs, a waccan shekara.
Kuma tun 1993 kuke zuba ido,
Kofi bai dawo ba, kuna ta jira.
Ɗan da aka haifa ran bikin nan,
Ya yi aure yau, har ya tara yara.

Baba Mai Goro:

'Ya'yana ku ɗan aje ƙidayar kofuna,
Ku matso kusa ku saurara.
An yi Maurice Richard, Rocket ake ce masa,
In ya doshi raga ba mai iya kora.
A kakar da ta ƙare a 1945,
Ƙwallo 50 a wasa 50 ya zura.
Zamanin nan masu Faransanci a Kebek,
Su ke gumi a masana'anta, wasu ke mora.
Richard nasu ne, harshensu yake yi,
In ya ci, unguwa ta kaure da ƙara.
Maris 1955 ya naushi alƙalin layi,
Shugaban gasa Campbell bai yi wata-wata ba ya tsara:
Ba shi ba wasa, har wasannin kofi,
Duk abin da a kakar ya yi saura.
Ran 17 ga wata Campbell ya shigo Forum, zauren wasansu,
Jifa ta ko'ina aka fara.
Hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe zauren,
Aka fasa shaguna, titi ya yi ƙura.
Washegari Richard ya hau rediyo,
Ya roƙi jama'a su yi haƙuri su jira.
Ya ce baɗi zai dawo neman kofi,
Daga 1956 zuwa 1960 biyar suka jera.

Ɗan Damagaram:

Allah ya ƙara girma Baba, ka biya ni,
Bari in ɗora daga inda ka gyara.
Gola Jacques Plante, faifan robar da ake bugawa ya fasa masa fuska,
A New York, Nuwamban 1959.
Aka ɗinke shi, ya dawo da abin kare fuska,
Yau duk gola da shi yake tsare raga ba gargara.
Henri, ƙanen Rocket, ya ɗaga kofi 11,
Béliveau 10, wa zai yi musu zarra?
Zamanin Lafleur da Dryden wasa 80,
Takwas kaɗai aka ci su a shekara.
Hajiya, 1993 ɗin da kika ambata,
Patrick Roy ne a raga, ya hana a zura.
Sau 10 a jere suka ci a ƙarin lokaci,
Kings na Los Angeles, su Gretzky, suka sha kashi, aka yi musu fintinkau da zarra.
A 2021 mun kai wasan ƙarshe,
Tampa Bay ta fi mu, wannan ba na musu ko ƙara.

Hajiya ta Toronto:

Baba ya yi magana, na sauke murya,
Labarin Richard ya sa ni na tsaya na lura.
Kofunanmu 13 ne, kuma jiranmu ya fi naku,
Duk da haka Leafs ba zan bar ta ba ko an yi shekara da shekara.
Malam, ran da za mu zo muku zaurenku na Bell Centre,
Ka nemo tikiti uku, har da na Baba ka ƙara.