Tayar tirim ta gida: enkoda ko bolum mai zagaye 10?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ɗakin matuƙi irin na ƙaramin jirgin sama Cessna 172 a nan Maradi, don Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Saura tayar tirim, wadda ake murzawa a daidaita hancin jirgi don kada hannu ya gaji da riƙon sitiyari. Arduino Uno gare ni, ɗan allon lantarki da zai haɗa tayar da kwamfuta. Wanne ya fi wajen gano juyin tayar, enkoda (mai ba da bugu duk lokacin da aka murza) ko bolum (irin na ƙara sautin rediyo) mai zagaye 10? Kuma yaya ake ɗaura tayar?

Mai_Soda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara ajiye Uno ɗin. Nemi Leonardo ko Pro Micro, masu ATmega32U4, su ne kwamfuta ke gani kai tsaye a matsayin abin sarrafa wasa da ka soka USB.

Bolum mai 10k (wato ohm 10,000) yana da daɗi, domin kowane wurin da taya ta tsaya yana da lambarsa, daga 0 zuwa 1023. Amma aibinsa biyu. In ka kunna otofailot, wato jirgi ya tuƙa kansa, manhaja za ta riƙa motsa tirim da kanta, taka tayar kuwa tana nan inda ka barta. Da ka kashe otofailot ka taɓa ta, tirim ya koma inda bolum ya nuna a take, hanci ya zabura sama ko ya soka ƙasa. Na biyu, taya mai nauyi in ta zo ƙarshen zagaye na 10 da gudu, ɗan makarin da ke ciki take karyawa. Enkoda ba ta da ƙarshe, kuma "ƙara" ko "rage" kawai take cewa, don haka ba ta saɓa wa manhaja. Ni ita zan ce ka ɗauka. Enkoda samfurin KY-040 ta isa: ƙafarta ta CLK a fil na 2 na Arduino, ta DT a na 3, sai 5V da GND na wuta.

Kafintan_Zariya:
Malam ya gama maganar waya. Inda aka fi yin ɓarna shi ne a ɗora taya kan sandar enkoda. Sandar milimita 6 ce, ba a yi ta don ɗaukar kaya ba, ba da jimawa za ta fara girgiɗi.

A yi wa taya gatarinta daban, wato sandar da za ta riƙa juyawa a kai. Noti dogo na milimita 8, da boris biyu (zobban ƙarfe masu ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyi) lamba 608 (ciki milimita 8, waje 22, kauri 7). A nemi masu 2RS, wato masu murfin roba, saboda ƙurar hunturunmu tana shiga masu murfin ƙarfe. Kafinta ya yanka faifai biyu na katako mai kaurin milimita 12, faɗi kamar santimita 14, a manne su, a yi wa baki tsaga-tsaga da zarto don yatsa ya kama. Tsakanin gatari da enkoda a sa guntun tiyon mai na babur, santimita 3, a ɗaure kowane gefe. Robar tana shanye ɗan karkacen da ba a rasawa.

Kada a bar taya ta yi ta walawala. Guntuwar fata daga wajen dukawa a kan ɗan katako, sifirin na danna ta jikin taya, da noti na ƙara ko rage matsi. Tana juyawa da nauyi, tana tsayawa inda aka sake ta. A tsayar da ita a tsaye ta gefen gwiwar dama: murzawa gaba hanci ƙasa, baya hanci sama.

Ɗan_Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Na gwada a kan tebur, a hankali yana amsawa, amma in na murza da sauri sai ya tsallake.

Mai_Soda:
Ba laifin enkoda ba ne. A kan kowane bugun enkoda, Arduino na danna wa manhaja maɓalli ya sake cikin ƙiftawar ido, manhaja ba ta kai ga gani ba. Ka tara bugun a ma'aji cikin shirinka, ka riƙa sakin su ɗaya-ɗaya: danna na milisakan 40, hutu na 40. In taya ta juya baya, share abin da ya rage a ma'ajin nan take, in ba haka ba tirim zai ci gaba da tafiya bayan ka canza hanya. In kuma yana ƙirga baya jefi-jefi, ƙarafan ciki ne ke rawa. Sa kafasita 100nF daga CLK zuwa GND, wata daga DT zuwa GND. In gaba ta zama baya, musanya wayoyin CLK da DT kawai.