Kun taɓa kafa madubin hangen nesa inda baƙi ke wucewa?

Mai Madubi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa fitar da madubin hangen nesa bakin titi don jama'a su leƙa: yaya kuka ƙare da wanda ba ku jin yaren juna? Ni dai na lura Zuhal, duniyar nan mai zobe, ba ya bukatar tafinta. Mutum na ganin zoben nan sai ya ɗago, ya zagaya gaban madubin ya duba ko hoto na manna. Balarabe ya yi min haka, Bature ma ya yi. John Dobson, wani mai sha'awar ilimin taurari, da abokansa sun fara wannan aiki a titunan San Francisco a 1968, da madubin da aka harhaɗa da katako da kwali, kuma irinsa nake amfani da shi.

Ɗalibar Falaki: Wa alaikumus salam Malam. Mu a jami'ar da nake karatu a waje, taurarin nan kaza da 'ya'yanta ce ta tara mu. Ina nuna ta, wata 'yar Japan ta ce ai Subaru ce, har ta tuna mana taurari shida da ke tambarin motar. Wani ɗan Tanzaniya ya ce su Kilimia suke cewa, da ita magabatansu ke gane lokacin noma. Mutanen Maori na New Zealand kuma da fitowarta suke shiga sabuwar shekara, Matariki, wadda ta zama ranar hutu a ƙasar tun 2022. Daga nan sai gardama ta ɓarke: shida ake gani da ido ko bakwai? Madubin ma mantawa da shi aka yi. Tun ranar ba na fara bayani sai na tambayi baƙo me ake kiran abin a wajensu.

Tsohon Malami: Madalla, 'yata. Amma a shirya wa masu ɗaukar mutum ɗan duba. An sha tambayata abin da tauraro ya ce game da aure ko kasuwa, kuma ba ƙabila ɗaya ke yin wannan tambaya ba. Ba na yi musu dariya. Duniyar Mushtari nake nuna musu da watanni huɗu masu zagaya shi da masanin taurari Galileo ya gani a 1610, in ce su zana inda suke, su dawo gobe. In sun dawo sai su tarar sun sauya wuri. Turawa kuwa mamakinsu daban: su ji cewa sunayen taurarin Aldebaran da Altair na Larabci ne, kuma masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa na taurari tun wajen 964.

Baƙon Dare: Ku yi min afuwa, ni ina ganin ana zuzuta abin. Na kalli husufin rana na 29 ga Maris 2006 a Turkiyya cikin taron mutanen ƙasashe barkatai. Muka riƙa miƙa wa juna tabarau na musamman (kada kowa ya kalli rana babu shi, ido ne zai tafi), aka yi ihu tare, rana ta buɗe kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ne muka ɗore, wani ɗan Ostareliya, shi ma musu ne ya haɗa mu. Ya dage wai watanmu a kife yake. Ashe a kudancin duniya a juye suke ganinsa. Har yanzu muna aika wa juna hoto.

Mai Madubi: To Yallabai, ai ka kawo mana shaida da kanka! Irin wannan haɗin ƙungiyar Astronomers Without Borders, ta masu kallon taurari na ƙasashe daban-daban, ke nema tun kafuwarta a 2007. Mai son gwadawa ya fara da daren da wata ke rabi, lokacin ne inuwa ke fito da ramukansa sosai. Ya kuma zo da ɗan abin takawa saboda yara.