Me ya sa rumbun bayanai yake gaya wa Linux yadda zai karanta fayil?

Sadiƙu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina nazarin yadda manhajojin rumbun bayanai suke aiki, sai na yi ta cin karo da kiran posix_fadvise, wanda manhaja take amfani da shi don ba Linux shawara kan yadda za ta karanta fayil. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda Linux da kansa yana ajiye shafukan fayil (wato ƙananan gutsattsarinsa) a RAM, ma'ajiyar kwamfuta mai sauri ta wucin gadi, wane amfani wannan shawara take yi masa?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Linux hasashe yake yi, ita kuwa manhajar ta san abin da za ta nema tun kafin ta nema. Idan ya ga ana karanta fayil a jere, sai ya riƙa ɗauko abin da ke gaba tun ba a tambaya ba, yawanci kilobayit 128. Wannan yana da kyau idan ana bin tebur daga farko har ƙarshe, amma idan ana tsalle daga wannan shafi zuwa wancan ta hanyar fihirisa, duk abin da aka ɗauko a gaba ɓarnar lokaci ne da cika RAM da abin da ba a buƙata. Shi ya sa, cikin shawarwarin da ake bayarwa ta posix_fadvise, POSIX_FADV_RANDOM yake kashe wannan karatun gaba, POSIX_FADV_SEQUENTIAL kuma yake ninka shi. Rumbun bayanai na RocksDB ma da shawarar RANDOM yake buɗe fayilolin bayanansa idan ba a sauya saitinsa ba.

A ganina, shawarar WILLNEED ce ta fi amfani. Rumbun bayanai na PostgreSQL ya fara amfani da ita a sigar 8.4 ta shekarar 2009: yana sanar da shafukan da zai buƙata nan gaba kaɗan, faifai ya fara ɗauko su yayin da ake sarrafa waɗanda suka riga suka iso.

Rukayya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a lura cewa shawara ce, ba umarni ba, don haka tsarin yana iya yin biris da ita. DONTNEED, alal misali, wadda take neman a fitar da shafuka daga RAM, ba ta fitar da shafin da aka sauya amma ba a kai ga rubuta shi a faifai ba, sai an fara kiran fdatasync, wanda yake tilasta rubuta shi a faifan.

Sadiƙu:
Na gode ƙwarai. To, MySQL fa?

Rukayya:
InnoDB, injin da MySQL yake ajiye bayanai da shi, yakan bi wata hanyar dabam. Idan aka saita shi da O_DIRECT, yana kauce wa ma'ajiyar Linux ta RAM wajen fayilolin bayanansa, ya riƙe shafukansa masu kilobayit 16 a tasa ma'ajiyar, kuma karatun gaban ma shi yake tsara wa kansa.