Yaya zan rage gudun moton injin casa ba tare da na ƙona shi ba?

Mai Casa, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa a Sabon Garin Zariya, kuma moton da ke jansa mai layi uku ne, irin na indakshan, mai kilowat 11, wanda aka rubuta zagaye 1,460 a minti a jikinsa. Gudun ya yi wa shinkafar yawa, domin tana fitowa a kakkarye. Mai yi mini gyara ya ce in rage ƙarfin wutar da ke shiga moton, amma hankalina bai kwanta ba.

Injiniya, Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, gara da ka tambaya, domin wannan shawarar naɗin motonka za ta cinye. Gudun moton indakshan yana bin firikwensin wuta ne (wato sau nawa wutar ke kai-komo a daƙiƙa, ana auna shi da haz) da yawan fol ɗin (wato kawunan maganaɗisu) da aka naɗa masa: a ninka firikwensi sau 120, a raba da yawan fol. Wutarmu a Najeriya haz 50 ce, motonka kuma mai fol 4 ne, wato zagaye 1,500, sai ɗan gibin da kaya ke jawowa ya mayar da shi 1,460. Idan ka rage wutar zuwa kashi 80 cikin ɗari, gudun da ƙyar zai sauka, amma ƙarfin juyawarsa zai faɗi zuwa kashi 64, ya riƙa zuƙar wuta yana zafi. Abin da ya dace shi ne na'urar sarrafa gudun moto da ake kira VFD, wadda take sauke firikwensi da ƙarfin wuta tare, ta yadda a haz 40 za ka samu ƙasa kaɗan da zagaye 1,200, ƙarfin juyawar kuwa yana nan.

Tsohon mai naɗi, Tudun Wada: Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai fankar da ke sanyaya moton a kan sandarsa take, saboda haka idan gudu ya ragu sosai iska ma ta ragu, kuma na sha kwance irinsu a ƙone. Ni a ganina, Alhaji, idan gudu ɗaya kake so kullum, canza fuli kawai, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa. Wanda yake da inci 6 a kan moto idan ya koma inci 5 ya rage kashi ɗaya cikin shida na gudun injin casar, da kuɗi kaɗan.

Injiniya, Samaru: Haka ne, Baba, in dai irin shinkafar ɗaya ce. Idan kuwa VFD ɗin za a saya, a sa ta cikin akwatin da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi ba za su shiga ba.

Mai Casa, Sabon Gari: Na gode ƙwarai. Zan fara gwada fulin a wannan makon, tunda yanzu iri ɗaya ake kawo mini.