Ungulu Ta Bar Kwata

'Yar Gwale:
Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni shugabancin ƙungiyar kare namun daji ta makarantarmu. Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Amsa-amo "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Rabbu zan fara,
Wanda ya yi giwa ya yi fara,
Ya bai wa tsuntsu sheƙar kara,
Kowa da rabonsa a rayuwa.

Kakata ta ce a can baya,
Ungulu ke cika kan tsamiya,
A kwata har ba ka ganin hanya,
Yau ko ɗaya babu mai zuwa.

Tana share mana gari kyauta,
Mushe bai kwana in ta sauka a kwata,
Amma 'yan tsibbu na neman kanta,
A busar a kai shi kasuwa.

Ɗan Fagge:
Ranki ya daɗe, uwar tsuntsaye,
Mu da jarrabawa ta zagaye,
Kuɗin makaranta na kan iyaye,
Wa zai bi ungulu da damuwa?

Mai gawayi ba mugunta ce ba,
Gas ya yi tsada, bai sayuwa ba,
In bai sara ba yara ba su ci ba,
Wa'azi ba ya maganin yunwa.

Falgore, gandun daji, akwai hukuma a kanta,
Da ma'aikata masu gadinta,
Ɗan sakandare me zai ƙara mata?
Ku je gidan zu, hoto da dawowa.

Jikan Maharbi:
Ɗan Fagge, zancen yunwa ka yi gaskiya. Amma ji daga gidan masu kwari da baka.

Kakana ya yi suna da kwari,
Amma farautarsu tana da tsari,
Mai ciki ba a harbinta ko ana fari,
Ba a raba ɗa da barewa.

Yau wuta ake sa wa daji duka,
Don gafiya ɗaya a ƙone kuka,
Zomo da zabo da ƙwan cikin sheƙa,
Toka kawai ake tararwa.

Na ba shi labarin aikin da muke,
Ya ce in tattaro ku duk inda kuke,
Ya nuna sawun dabba yadda yake,
Karatun da babu shi a jarrabawa.

Malamin Bayoloji:
Madalla da ku. Ku riƙe wannan: ƙwai ɗaya tak ungulu ke sakawa a sheƙa, don haka in an kashe ta ba ta saurin mayar da gurbi. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin wadda muka saba gani a gari cikin masu gab da ƙarewa. Madatsun da zan ambata kuwa, Tiga ta 1974 ce, Challawa ta 1992.

Kogin Kano da aka tare a Tiga,
Fadamun Haɗeja da Nguru yake shiga,
Can tsuntsayen Turai ke hutu, kun ga,
Malala ta ragu, ga kuma Challawa.

Gauraka mai tukku kamar zinari,
An yi ta kamo shi zuwa cikin gari,
Gidan manya, don ado da alfahari,
Har fadama ta rasa mai haihuwa.

Ɗan Fagge, tuna hadisin mace,
Da ta tsare kyanwa har ta mace,
Wuta ta shiga, haka Manzo (SAW) ya ce,
Dabba na da haƙƙi a kan kowa.

'Yar Gwale:
Mun gode Malam, Allah ya ƙara girma. Yaya Ɗan Fagge, ga amsarka.

Ba ni da bindiga, ba ni da kaki,
Littafi gare ni da ɗan baki,
Asabar za mu kwata mu yi aiki,
Mu ƙirga tsuntsun da ke saukowa.

Mu gaida mahauta mu durƙusa,
Su faɗa mana yaushe ta yi nisa,
Kawuna mai tarko, ni zan je masa,
Da lallashi, ɗa ba ya tsawa.

Dashen makaranta awaki na ci,
Ba keji, ba ban ruwa kan lokaci,
Tunda kana son ganin shugabanci,
Na naɗa ka sarkin ban ruwa.

Ɗan Fagge:
Daga yin baiti sai ga bokiti!
Na karɓa, amma ku gaya wa kwamiti,
Kuɗin adaidaita ya fito a akwati,
In ba haka ba, Asabar ba ni zuwa.

Malamin Bayoloji:
Ƙarfe bakwai a ƙofar makaranta. Wanda bai zo da takardar izinin iyayensa ba, ba zai hau ba.